Tsakanin Saye da Sayarwa: Gwanintar Tafiyar da Aiki

Idan hirar kasuwanci ta tashi a majalisa, mutum biyu ake yawan yaba wa. Ana yaba wa wanda ya iya sari, ya san garin da kaya ke araha da watan da farashi ke karyewa. Ana kuma yaba wa wanda ya iya sayarwa, mai zaƙin baki, wanda in ka shiga shagonsa da wuya ka fito hannu rabbana. Akwai na uku da ba a cika tunawa da shi ba, alhali sau da yawa a hannunsa riba ke tsayawa ko ta tsiyaye. Shi ne mai kula da duk abin da ke faruwa daga sa'ar da ɗanyen kaya ya shigo ƙofa zuwa sa'ar da aka loda gamammen kaya a mota. Wa zai yi me, da wane inji, cikin minti nawa? Nawa za a ajiye a sito, yaushe za a aika a kawo ƙari? In abu ya lalace, wa zai fara gani, kuma wa zai gaya wa? Amsa waɗannan tambayoyi kullum, kuma daidai, shi ne tafiyar da aiki. A jami'o'i fanni ne mai zaman kansa a sashen koyar da kasuwanci, amma aikinsa yana nan a gidan burodi kamar yadda yake a masana'antar siminti, yana asibiti, yana filin jirgin sama.

Wanda ke son ganin iyakar inda wannan gwaninta za ta kai kamfani, ya dubi Toyota. Ba sai an gabatar mana da ita ba. Hiace ce ta cika tashoshinmu, Hilux da Land Cruiser ke keta sahara daga Agadas, har ƙarshen yaƙin Chadi da Libiya a 1987 da sunan Toyota ake kiransa, saboda motocin a-kori-kura da sojojin Chadi suka yi yaƙi a kansu. Direba ya san motar da ba ta cika barinsa a daji ba. A daɓen masana'anta aka gina wannan yarda, cikin shekaru masu yawa, da wani tsarin aiki da yanzu ake koyarwa a ko'ina a duniya.

Abin ya faro ne daga saƙa. Sakichi Toyoda, ɗan wani kafinta a ƙasar Japan, ya taso yana kallon mahaifiyarsa tana saƙa da hannu, ya kuma ƙare rayuwarsa yana ƙera injunan saƙa. A 1924 ya kammala wanda ya fi shahara, mai ɗauke da wata dabara da ya daɗe yana gyarawa: da zarar zare ɗaya ya tsinke, inji ya tsaya cak. Duk wanda ya san yadi ya san darajar wannan. In zare ya tsinke inji bai tsaya ba, zai ci gaba da fitar da yadi mai aibi har sai wani ya lura, don haka kowane inji sai an tsayar masa da mutum yana gadinsa. Da inji ya iya tsayawa da kansa, sai ma'aikaci ɗaya ya riƙa kula da injuna da dama, ba a kuma saƙa ɓarna. A 1929 kamfanin Platt Brothers na Ingila, ƙasar da take taƙama da masaƙu, ya sayi izinin ƙera injin a kan fam 100,000. Ɗan Sakichi, Kiichiro, shi ya juya akalar gidan zuwa ƙera mota, aka kafa kamfanin motar a 1937.

Shekarar 1950 ta kusa binne kamfanin. Kuɗi sun ƙare, bankuna suka gindaya sharuɗɗa, ma'aikata suka shiga yajin aiki, aka sallami fiye da mutum 1,600, Kiichiro da kansa ya sauka daga shugabanci. A shekarar ce ɗan'uwansa Eiji Toyoda ya je Amurka ya zauna yana nazarin katafariyar masana'antar Ford ta River Rouge. Kamfanin Ford ne ya fito da layin haɗa mota mai tafiya tun 1913, abin da ya rage lokacin haɗa ƙashin mota daga sama da sa'a 12 zuwa kimanin sa'a ɗaya da rabi. Hanyarsa ita ce a ƙera abu iri ɗaya da yawan gaske, kowane sashe ya yi ta aiki ba tsayawa, a tara kaya tuli a tsakanin wannan inji da wancan. Ford na fitar da dubban motoci a rana, Toyota kuwa 'yan gomomi. Hanyar Ford tana bukatar jari mai kauri da kasuwa mai faɗi da ke son abu guda. Toyota ba ta da ko ɗaya. Kasuwarta ƙarama ce, kuma tana son iri-iri: babbar mota kaɗan, ƙarama kaɗan, ta ɗaukar kaya kaɗan.

Wanda ya warware wannan ƙulli shi ne Taiichi Ohno. An haife shi a 1912, ya fara aiki a masaƙar gidan Toyoda a 1932, ya koma ɓangaren mota a 1943. Mutum ne mai zafi, ba ya son zaman ofis. Waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa suna ba da labarin yadda yakan zana da'ira da alli a ƙasa, ya sa sabon injiniya ya tsaya a ciki na sa'o'i, ba abin da zai yi sai kallo. In ya dawo ya tambaye shi me ya gani, ya ce bai ga komai ba, sai ya bar shi a tsaye. Gani ya kori ji, amma ganin ma sai an koya. A sa'ar farko mutum yana ganin ma'aikata suna ta kai-kawo, ya ɗauka aiki ake yi. Can sai ya lura cewa wancan bawan Allah yana taka ƙafa shida ya ɗauko sifana, ya dawo, sau ɗaruruwa a yini. Ya lura wannan yana tsaye hannu a ƙugu yana jiran inji ya gama. Ya lura an ɗauki akwati daga nan an kai can, an sake dawo da shi. Duk wannan motsi ana biyan albashinsa, amma ko kobo mai sayen mota ba zai ƙara ba saboda shi.

Ohno ya kasa irin wannan ɓarna gida bakwai, ciki har da jira, da jigilar da ba dole ba, da motsin banza, da gyaran abin da aka ɓata. Wadda ya ɗauka uwar sauran ita ce za ta ba ɗan kasuwarmu mamaki: ƙera abin da ba a riga an bukata ba. Mu mun saba ganin sito maƙil alamar arziki ce, ma'aikacin da ya yi fiye da abin da aka sa shi kuwa a ce masa sannu da ƙoƙari. Ohno ya ce a zauna a yi lissafi. Kayan da ke jibge kuɗi ne da aka ɗaure. Suna cin wuri, suna bukatar mai gadi da mai ƙirga, suna tsatsa, in an canja samfuri su zama asara. Mafi muni, suna ɓoye cuta. A ce wani inji ya fara fitar da ƙarfe karkatacce ranar Litinin. In ƙarfen yana tafiya kai tsaye zuwa hannun mai ɗaurawa, kafin azahar an gano. In kuwa yana faɗawa ne kan tulin da zai kai wata guda, sai bayan wata za a sani, a lokacin an ƙera dubbai, kuma ba mai tuna abin da ya faru da injin ranar. Mutanen Toyota sukan kwatanta kayan ajiya da ruwan kogi: in ya cika, duwatsun da ke ƙasa ba sa bayyana, kwalekwale na wucewa kowa na ganin lafiya lau. Ka rage ruwan da gangan, duwatsu su fito, ka fasa su ɗaya bayan ɗaya.

Yadda ya rage ruwan shi ne wurin da hikimar ta fi burge ni, don ba ta bukaci kwamfuta ko sabon inji ba. Kati kawai ta bukata. Ohno ya ɗauko tunanin daga manyan kantunan Amurka, inda mai saye ke ɗaukar abin da yake so daga kanta, ma'aikaci kuma ya mayar da daidai abin da aka ɗauka. Sai ya ce kowane sashe a masana'anta ya zama mai saye a wurin sashen da ke bayansa. A ce akwati yana cin noti 50, a jikinsa akwai kati mai ɗauke da sunan kayan da adadinsu da inda za a kai su. In mai ɗaurawa ya buɗe akwatin, katin ya koma wurin masu yin noti, wannan katin shi ne izininsu na yin wasu 50. Babu kati, babu aiki, ko da inji zai zauna shiru. Wannan kati shi ake kira kanban, an fara gwada shi a farkon shekarun 1950, aka ɗauki kusan shekara goma kafin ya game masana'antun kamfanin, daga baya ya kai ga masu kawo musu kaya. Dubi abin da ya ba mai tafiyar da aiki. Yawan katunan da ke yawo shi ne iyakar kayan da za su taru, ba za su wuce haka ba. In yana son ya san inda rauni yake, sai ya zare kati ɗaya ya zuba ido. Inda aiki ya fara cijewa, nan ne dutsen.

Ba a nan wahalar ta tsaya ba. Injunan da ke buga fallen ƙarfe su fitar da ƙofa ko rufin mota suna aiki ne da wasu manyan ƙarafa masu nauyin tan da yawa, waɗanda ke ba falle siffarsa. Sauya su don a koma buga wani sashe yakan ci sa'o'i, wani lokaci yini guda. Shi ya sa kowa ke buga dubbai kafin ya sauya. Duk duniya ta ɗauki tsawon wannan lokaci a matsayin ƙaddara, ana gina lissafi a kansa. Toyota ta ƙi yarda. Ma'aikatanta, tare da gudummawar wani masani mai suna Shigeo Shingo, suka raba aikin sauyin gida biyu: abin da dole sai inji ya tsaya za a yi shi, da abin da za a iya shiryawa tun inji na aiki. Aka kawo ƙarfen da za a saka kusa tun da wuri, aka sa masa abin gangarawa, aka maye dogayen notuna da maƙalai masu kamawa da juyi ɗaya, aka daidaita tsayin ƙarafan don kada a tsaya gwaji. Aikin sa'o'i ya dawo na 'yan mintoci. Daga nan buga kaɗan-kaɗan ya daina zama asara.

Sai igiya. A ganina ita ce zuciyar tsarin, ita ce kuma mafi wuyar kwaikwayo. A masana'antun mota na Amurka a wancan zamani, tsayar da layi babban laifi ne, sai manya ke da wannan iko. In ma'aikaci ya ga noti bai zauna ba, sai ya bar motar ta wuce, a ɗora kujera a kai, a ɗora dardumar ƙasa, a can ƙarshen layi wata runduna ta warware ta gyara, in an gano ke nan. Toyota ta rataya igiya a saman kowane ma'aikaci. Duk wanda ya ga abin da bai gamsu da shi ba, ko ya ga ba zai gama aikinsa a kan lokaci ba, ya ja. Fitila ta kama, ƙara ta tashi, shugaban rukuninsa ya taho da sauri. In sun gyara kafin motar ta kai wani alamtaccen wuri, layi ya ci gaba. In ba su gyara ba, layi ya tsaya, ɗaruruwan mutane su jira. Injin Sakichi ke nan aka mayar kan mutane. Da farko layi ya yi ta tsayawa, masu kula da sassa suka yi ta ƙorafi, kuma ba don Eiji Toyoda ya tsaya wa Ohno ba da abin ya mutu tun yana jariri. Amma kowace tsayawa tana kashe wata matsala har saiwarta, sai tsayawar ta riƙa raguwa.

Hanyar kai wa ga saiwar ita ce tambayar "me ya sa" sau biyar a jere, don ruwa ba ya tsami banza. Mu ɗauki misali da gidan ruwan leda. Ledoji suna yoyo da rana. Me ya sa? Injin liƙi ba ya yin zafi sosai. Me ya sa? Wuta na yin ƙasa. Me ya sa? Janareta na ɗaukar fiye da ƙarfinsa idan aka kunna famfon rijiyar burtsatse. Me ya sa ake kunna famfon ana tsakar aiki? Tanki na ƙarewa da rana. Me ya sa? Ba wanda aka ɗora wa alhakin cika shi tun da asuba. Maganin bai ci ko sisi ba. Wanda ya tsaya a tambaya ta farko kuwa, yaron da ke kan inji zai yi wa faɗa, ko ya kira makaniki, gobe kuma leda ta sake yoyo.

An daɗe ana cewa wannan duk halin Japanawa ne, ba zai yi a wani wuri ba. Garin Fremont na jihar Kalifoniya ya ƙaryata zancen. Kamfanin General Motors yana da masana'anta a can da ta yi ƙaurin suna: kusan ɗaya cikin biyar na ma'aikata ba sa zuwa aiki a rana, rigima da shugabanni ba ta ƙarewa, motocin cike da aibi. Aka rufe ta a 1982. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota, da sunan NUMMI, yawancin waɗanda aka ɗauka aiki kuma tsoffin ma'aikatan nan ne da ake cewa ba sa gyaruwa. Aka tura ɗaruruwansu masana'antar Takaoka a Japan suka ga yadda ake yi, aka rataya musu igiya. Cikin ɗan lokaci rashin zuwa aiki ya faɗi warwas, ingancin motocinsu ya shiga sahun gaba a duk masana'antun General Motors. Gini ɗaya, mutane ɗaya, ƙungiyar ƙwadago ɗaya. Tsarin aiki kawai aka sauya, da yadda ake ɗaukar maganar ma'aikaci. An rufe NUMMI a 2010, yanzu kamfanin Tesla ke ƙera motoci a wurin.

Tsarin yana da nasa nauyi, bai kamata a ɓoye ba. Layin da aka tatse wa duk wani jira layi ne mai gajiyarwa, kuma wani ɗan jarida, Satoshi Kamata, da ya shiga Toyota a matsayin ma'aikacin wucin gadi a farkon shekarun 1970, ya rubuta littafi a kan irin wahalar da ya gani. Sannan wanda ba ya ajiya yana cikin haɗari ranar da hanya ta yanke. Ranar 1 ga Fabrairun 1997 gobara ta cinye wata masana'antar kamfanin Aisin a garin Kariya, wadda ita ke yin wani ƙaramin sashe na birki da kusan duk motocin Toyota ke amfani da shi. Abin da ke hannu bai wuce na 'yan kwanaki ba, layuka suka tsaya. Abin da ya biyo baya ya nuna wani jari da ba ya shiga littafin akanta. Aisin ya raba zanen sashen, kamfanoni fiye da 200 suka sa hannu, har da Brother mai ƙera keken ɗinki, kowa ya juya injunansa yana gwadawa dare da rana. Kafin mako ya cika motoci sun fara fitowa. Shekarun da aka yi ana koya wa masu kawo kaya saurin sauya inji da warware matsala, su suka biya a makon nan.

Girgizar ƙasar da ta auka wa Japan a 2011 ta fi gobarar tsanani, ta ɗauki kamfanin watanni kafin ya dawo daidai. Sai Toyota ta bi diddigin masu kawo mata kaya, da masu kawo wa waɗannan, ta ware sassan da in sun yanke ba a samun madadinsu da wuri, ta nemi a riƙa ajiye na watanni, musamman 'yan ƙananan ƙwaƙwalen lantarki da ke sarrafa mota. Da ƙarancinsu ya game duniya bayan annobar korona, ita ma ta rage aiki, amma ta fi abokan gasarta jurewa. A 2021 ta sayar da motoci a Amurka fiye da General Motors, wanda ya riƙe wannan kambu tun 1931 har zuwa lokacin. Kamfanin da ya koya wa duniya rage ajiya shi ne ya san abin da ya wajaba a ajiye. Wannan ya nuna gwanintar ba haddar ƙa'ida ba ce, auna kowane kaya ne da hankali: nawa yake ci in an ajiye shi, nawa zai ci in an rasa shi.

Wannan ma'auni shi ya fi shafar mai masana'anta a Sharaɗa ko Bompai ko Challawa. Wanda ɗanyen kayansa ke tasowa daga tashar jiragen ruwa ta Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000, ga wuta ba tabbas, ba zai zauna da kayan kwana biyu ba. Mai injin casar shinkafa dole ya sayi shanshera da kaka. Ajiye man dizal da bel da kayan gyaran da aka san suna yawan mutuwa hankali ne. Amma a ajiye da lissafi, a san na kwana nawa ne, a san dalili. Sauran darussan kuwa ba ruwansu da wuta ko hanya. Matso da kayan aiki kusa da hannun mai aiki, shirya aiki na gaba tun na yanzu bai ƙare ba, rubuta yadda ake yin kowane aiki don kada ya tafi da wanda ya bar wurin, duk ba sa bukatar bashin banki.

Inda muka fi bukatar gyara shi ne igiyar. A wuraren aikinmu da yawa yaro yana ganin ɓarna ya kawar da kai, don ya san in ya faɗa shi za a fara tuhuma, watakila a yanke masa albashi. Ladabin da muke taƙama da shi, na kada ƙarami ya ɗaga murya a gaban babba, a nan yana cin kuɗin maigida ba tare da ya sani ba. Alhaji mai masana'anta, Hajiya mai gidan abinci, ku ware sa'a ɗaya a makon nan ku tsaya a wuri guda a inda ake aikinku, ba waya, ba ba da umarni, ku rubuta duk jira da kai-kawon da kuka gani. Sannan ku kira mafi ƙanƙantar ma'aikacinku ku tambaye shi abin da ya fi ɓata masa lokaci. In ya faɗi abin da bai yi muku daɗi ba, ku gode masa a gaban sauran, ku gyara kafin mako ya zagayo.